Gwajin layin gigabit 10: ƙananan fakiti sun ƙi cika layi

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana son auna ƙarfin wata na'urar katangar tsaro (firewall) kafin a kafa ta a wani ofis nan Jidda. Kayan gwajin: saba mai Linux, katin sadarwa na Intel X520 da iperf3, manhajar auna gudun layi. Da manyan fakiti layin yana cika, amma da zarar an rage su zuwa bayit 64 sai gudun ya zube. Kati ne ko saiti?

Mai Kebul, Riyad:
Wa alaikumus salam Malam. Katin lafiyarsa ƙalau, duba lissafin. Kowane fakitin bayit 64 yana jan ƙarin bayit 20 a kan waya, na share fage da tazara, ya zama 84, wato bit 672. Raba gigabit 10 da wannan, ka samu fakiti miliyan 14.88 a daƙiƙa, kowanne da kimanin nanodaƙiƙa 67 kacal. A bayit 1518 kuwa 812,743 ne kawai, shi ya sa ba ka ga matsala a can ba. iperf3 ta cikin kernel (zuciyar tsarin Linux) yake bi, ba zai kai wannan gudun ba.

Koma Pktgen-DPDK ko TRex na Cisco, manhajojin tura fakiti da ke aiki da DPDK, wato tsarin da ke tsallake kernel ya riƙe katin kai tsaye. Kunna IOMMU (mai kula da yadda kati ke shiga ƙwaƙwalwar saba), ware hugepages (manyan shafukan ƙwaƙwalwa), ka cire katin daga direban ixgbe ka ɗaura shi a direban vfio-pci da umarnin dpdk-devbind.py. Sannan ka keɓe ƙwayoyin firosesa (cores) da saitin isolcpus, domin DPDK yana cinye su ɗari bisa ɗari ko babu fakiti.

Baƙon Madina:
Ƙari kan bayanin Mai Kebul: in sabar mai firosesa biyu ce, duba numa_node na katin, wato firosesar da yake haɗe da ita, ƙwayoyin da ka keɓe su zama na ɓangarensa. Ka kuma tabbatar da lspci -vv cewa ramin da aka soka katin ya ba shi x8, wato layuka takwas na PCIe.

Abin da ya fi ɓata sakamako shi ne tura adireshi ɗaya da lambar tasha (port) ɗaya. RSS, tsarin da ke raba fakiti ga ƙwayoyi bisa adireshi da tasha, zai zuba komai a ƙwaya guda ta na'urar da ake aunawa, sai a ce ba ta da ƙarfi alhali ba a raba mata aikin ba. Ka riƙa sauya adireshin tushe. Kashe flow control ma, wato saƙon da mai karɓa ke aikawa a dakata da turawa, don kada ya ɓoye asarar fakiti.

Katin nan ba shi da fanka, iskar saba yake dogara da ita. Da zafin Jidda, kada a gwada shi a ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki.

Mai Kebul, Riyad:
Haka ne. Wajen awo ka bi RFC 2544, ƙa'idar gwajin na'urorin sadarwa: girma bakwai daga 64 zuwa 1518, kowane zagaye aƙalla daƙiƙa 60, kana rage gudu har asara ta zama sifiri. Amma fara haɗa ƙofofin katin biyu kai tsaye da kebul ɗin DAC, na jan ƙarfe mai haɗa ƙofa da ƙofa, ka ga injin gwajin kansa ya kai 14.88 tukuna.