Matan soja: ma'aikata ne ko 'yan rakiya?

Maman Nafisa: A faɗa a huce! Matar soja a Nijar 'yar rakiya ce. Ta yi lakwal, ta samu aiki, rana ɗaya a ɗauke mijin daga Maradi zuwa Diffa ko Agadas, aikin ya bi ruwa.

Mushe Ila: Hajiya, ba duka ba. Malamar da ke cikin aikin gwamnati tana iya neman a haɗa ta da mijinta. Takardar roƙo da hannu, takardar aure ta magajin gari, da shaidar inda aka tura mijin, ta bi ta hannun sufeton makarantu tun kafin babban hutu. Abin da ke kashe maganar shi ne auren da aka ɗaura a masallaci ba a yi masa rajista ba, ko takardu su iso bayan an koma aji a Oktoba. Malama 'yar kwantiragi kuwa, sauƙinta ta samu wadda za su yi musanyar wurin aiki.

Zara'u: 'Yar rakiya? Wa ke riƙe da gida da 'ya'ya in an tafi daji? Ki janye, Yaya.

Maman Nafisa: Wadda ba a shawarta da ita ranar tashi, me sunanta?

Zara'u: Sunanta matar aure.

Hajiya Baraka: Ku bar ta ma'aikata, mai sana'a ta fi shan wuya. Mai ƙanƙara da bisab jarinta firiza ne da masu saye. Firizar ta sha girgizar hanya, a kunna ta da isowa ba a bari man injin ya kwanta ba, ta ƙone. Bashin atamfa da ta bayar a bariki ya zama sai Allah ya isa, ga zubin adashe bai zagayo ba.

Sani Tibiri: Matan jandarma da na gardi, askarawan Garde Nationale, fa? Kullum soja, soja.

Zara'u: Kai gardi ne, mun sani.

Sani Tibiri: Ƙanwata, ba gardin da ya taɓa kwana a bakin daga a Bosso ta jihar Diffa ke nan?

Shugabar zaure: Na rufe. Mafi yawa sun yarda kalmar rakiya cin fuska ce, Zara'u ta yi gaskiya. Maganar takardu kuwa, mai so ya bi Mushe ta bayan fage.

Maman Nafisa: Mafi yawa? Ke da ita kaɗai!