'Yata ta ce taurari za ta karanta, ni kuwa likita nake so

Baban Ummi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan kasuwa ne ni a Zariya, ina da shagon kayan masarufi, bokona bai wuce sakandare ba. Shawara nake nema a kan 'yata ta fari, wadda za ta cike JAMB bana.

Tun tana ƙarama na ƙudurta a raina likita za ta zama, kuma ba don kuɗi ba. Shekara huɗu ke nan ƙanina ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kaduna. Da ransa aka ciro shi, shi ne ma ya ba wanda ya ɗauke shi lambata. Ƙashin cinyarsa ne ya karye, jini na zuba ta ciki. Asibitin farko suka ce a wuce gaba, a na biyu ana cikin neman jini rai ya yi halinsa. Ban same shi da rai ba. Bayan shekara biyu Inna ta bi shi, sankarar mama. Sai da abin ya fashe sannan ta faɗa wa matata, saboda kunya.

Ita kuwa Ummi, tun da malaminsu ya ba su labarin duniyoyin da ke zagaya wasu taurari, ba ta da wani zance. In an ɗauke wuta za ka same ta a tsakar gida da wayar uwarta tana duba sama. Ta ce an gano irinsu sun haura 5,000. Na ce akwai wanda ya taɓa zuwa? Ta ce a'a, mafi kusa ma haske kansa sai ya yi tafiyar sama da shekara 4. Na ce to amfanin me? Ta yi shiru, sai hawaye. Abin ya tsaya mini a rai, don ba yarinya ce mai musu ba.

Don Allah masu ilimin abin ku gaya mini gaskiya. Wane bincike ne ya taɓa ceton mutum irin ƙanina ko irin Inna? Shi kuma na taurarin, aiki ne na haƙiƙa ko nishaɗin masu kuɗi? Ba na son in tauye ta, ba na kuma son in sake ta ta kama hanyar da ba ta ɓullewa.

Nas ɗin dare:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna da ƙaninka, ya sa sun huta. Baban Ummi, shekarata goma sha ɗaya a sashen gaggawa, kuma da na karanta labarin ƙaninka sai da na ajiye wayar na ɗan jima, don na sha ganin irinsa. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. Karayar cinya kaɗai tana iya shanye lita ɗaya ko fiye a cikin tsoka, ba ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Mutum na magana da kai, jikinsa na yin sanyi, bugun zuciya na ƙara sauri, 'yan uwa na cewa ai da sauƙi tunda yana magana.

Bari in ba ka labarin allura ɗaya da nake yi kusan kullum, sunanta tranexamic acid. In jini ya daskare a bakin rauni ya toshe shi, jiki yana da wani sinadari da ke narkar da wannan gudan. A babban rauni narkarwar takan yi yawa, sai toshiyar ta riƙa buɗewa. Allurar tana hana wannan narkewar ne.

Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta Shosuke suka fito da maganin a 1962. Burinta mata masu zubar da jini bayan haihuwa, amma likitocin mata na wajensu ba su yarda sun gwada ba. Haka maganin ya zauna shekara da shekaru ana ba da shi don cire haƙori da yawan jinin al'ada da wasu tiyatoci. Sai a 2010 aka fitar da sakamakon gwajin CRASH-2, wanda wata makarantar kiwon lafiya ta Landan ta jagoranta: masu rauni 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya. Rabi aka yi musu allurar, rabi ruwan gishiri, ba likita ba majinyaci ba wanda ya san wanne aka ba wa. Cikin waɗanda suka samu maganin kashi 14.5 cikin ɗari suka rasu, a ɗaya ɓangaren kashi 16. Za ka ce bambancin kaɗan ne. Ka lissafa shi a kan dubban da ake kwasowa daga titi kowace shekara, ka ga gidaje nawa ne ba za a yi zaman makoki ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar lokaci. Da suka sake duba alƙaluman, sai suka ga a cikin awa ɗaya ta fi aiki, zuwa awa uku tana taimakawa, bayan awa uku kuwa ba ta da amfani, tana ma iya cutarwa. Shi ya sa in aka kawo mana mutum, tambayata ta farko ga 'yan rakiya ita ce ƙarfe nawa abin ya faru.

Gwajin mata masu haihuwa, WOMAN, ya fito a 2017 da mata 20,060, kuma asibitocin Najeriya na cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa. Ya nuna in an yi allurar da wuri, mutuwa ta dalilin zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ita Okamoto ta rasu a 2016, shekara guda kafin a tabbatar da abin da ta faɗa tun da daɗewa. Wallahi duk ranar da na fasa kwalbar nan sai na tuna da ita.

Ba zan ce da an yi wa ƙaninka da ya rayu ba, rai na Allah ne, kuma allurar ba ta maye gurbin ƙarin jini da tiyata. Amma ka lura, waɗanda suka yi wannan aikin ba duka ne ke riƙe da abin awon ƙirji ba. Akwai masu haɗa sinadarai, akwai masu lissafi.

Kawu Na-Sabon-Gari:

Ni dai ra'ayina daban. Malam, ka lallashe ta ta yi likitanci ko aikin jinya. Waɗanda ke leƙen taurari sun gama da yunwa da zazzaɓi a ƙasashensu. Na'urar hangen taurari ta James Webb kaɗai ta ci wajen dala biliyan 10. Mu kuwa unguwa nawa ce mace ke naƙuda ba likita mace ko ɗaya? In ta gama taurarin a ina za ta yi aiki? Ba ƙin ilimi nake ba, amma sai ciki ya ƙoshi ake kallon sama.

'Yar ɗakin gwaji:

Allah ya gafarta wa Inna. Yaya Baban Ummi, ni aikina duba nama da jini a madubin ƙara girma, ban taɓa rubuta wa kowa magani ba, amma likita ba ya fara maganin ciwon kansa, wato sankara, sai takardarmu ta iso.

Ka tambayi binciken da ya shafi irinmu. A 1958 wani likitan tiyata a Kampala, Denis Burkitt, ya rubuta bayanin wani kumburi da ke kama muƙamuƙin yara, mai saurin girma har yakan ninka cikin kwana ɗaya ko biyu. Bai tsaya a asibiti ba, ya shiga mota ya zaga ƙasashen gabashi da kudancin Afirka yana tambayar asibitoci ko suna ganin irinsa. Taswirar da ya zana ta nuna ciwon ya fi yawa a wurare masu zafi da ruwan sama, wato inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Wani mai bincike a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccarsa a 1961 ya roƙi a riƙa aiko masa da naman kumburin ta jirgi. A 1964, shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga wata ƙwayar cuta a ciki, ita ce bairos ta farko da aka danganta da kansa a jikin ɗan Adam.

Najeriya na cikin labarin dumu-dumu. A Ibadan, a 1963, aka raya ƙwayoyin wannan kansar da aka ɗebo daga wani yaro ɗan shekara 11, ana kiransu Raji, kuma har yau suna nan suna haihuwa a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin dai Victor Ngu, ɗan Kamaru, ya yi aikin maganin ciwon da ya kai shi ga lambar yabo ta Lasker a 1972. Daga baya aka gano me ke faruwa a cikin ƙwayar halittar da ta kamu: kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da umarnin gado, to wani yanki na kuromosom na 8 ne ke ɓallewa ya manne a na 14, sai umarnin "ki rabu biyu" ya kunnu ya ƙi mutuwa, kamar famfon da kansa ya lalace. Yau wannan ciwo yana cikin kansar yara da ake warkarwa in an zo da wuri kuma an kammala magani.

"Da wuri" ɗin nan ita ce ta ci mana Inna da dubban irinta. Kullum ina ganin naman mama da aka kawo bayan ya riga ya bazu. Don haka Kawu bai yi ƙarya ba, muna buƙatar mata a asibiti, matan da tsohuwa za ta iya buɗe wa ƙirjinta ba kunya. Sai dai na yi karatu da waɗanda aka tura likitanci dole, kuma na ga yadda wasu suka ƙare. Hanyar doguwa ce, ba a yin ta da zuciyar aro.

Malamin fizis:

Malam Baban Ummi, aiki ne na haƙiƙa, kuma mai wuya. Bari in gaya maka abin da ya kama zuciyar 'yarka, don ni ma shi ya kama tawa.

Kakanninmu sun san Gamzaki, sun san Zara matar wata, suna duba Kaza da 'Ya'yanta. Amma ko akwai duniyoyi a kewayen sauran taurari, ba mai hujja a hannu. A 1995 wasu mutum biyu 'yan Suwizalan, Michel Mayor da ɗalibinsa Didier Queloz, suna aiki a wata cibiyar hangen sama a kudancin Faransa, suka lura wani tauraro mai kama da ranarmu, 51 Pegasi, yana ɗan rangaji: ya matso, ya ja baya, duk kwana huɗu da 'yan awoyi. Ba su ga duniyar da ido ba. Launin hasken tauraron ne ke ɗan sauyawa, daga nan suka lissafa cewa wata ƙatuwar duniya ce ke jan sa. Mutane da yawa ba su yarda da farko ba, don Mushtari, babbar duniyar da ke zagaya ranarmu, shekara kusan 12 take yi kafin ta zagaye rana, ita kuwa wannan kwana huɗu. An ba su kyautar Nobel a 2019.

Hanya ta biyu ta fi sauƙin fahimta. Ka ɗauka fitila ce can nesa, ƙwaro ya gifta ta gabanta, hasken ya ɗan ragu. Na'urar Kepler da aka harba a 2009 ta ƙura wa taurari kimanin 150,000 ido tana jiran wannan raguwar. Duniya mai girman Mushtari tana rage haske da kashi 1 cikin ɗari, mai girman tamu kuwa bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Da haka ta gano sama da 2,600. James Webb da Kawu ya ambata, a 2022 ta tantance iskar kabon dayokzaid a sararin wata duniya mai suna WASP-39b, ta hanyar hasken tauraron da ya ratsa iskarta.

Ba zan yaudare ka ba, wannan ba zai tsayar da jinin kowa ba, kuma guraben aikinsa a ƙasar nan kaɗan ne. Ni dai ina ganin sanin girman halittar Ubangiji abu ne mai daraja ko bai kawo kwabo ba. Amma ga abin da ya kamata ka sani kafin ka yanke hukunci: ba a fara taurari kai tsaye, fizis ake fara yi, shekara huɗu na lissafi da awo. Jami'ar Nsukka tana da sashen fizis da ilimin taurari, kuma ana fizis a nan Zariya. Mai wannan digirin yana iya juyawa zuwa fizis na asibiti. Na'urar gashin sankara ba ta aiki sai da wanda zai lissafa yawan hasken da zai ƙone kumburi bai ƙone naman lafiya ba, kuma irin waɗannan mutane ba su da yawa a Najeriya. Yaya makinta na lissafi yake?

Nas ɗin dare:

Ƙari kaɗan ga duk mai karantawa, tunda hanya ta kowa ce. In ka tarar da mai zubar jini, ka danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfinka, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Kada a zuba ƙasa ko man birki ko toka. A rufe shi da mayafi don sanyi na hana jini daskarewa, kada a ba shi abinci, a kuma riƙe lokacin da abin ya faru a faɗa wa ma'aikata.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, har da Kawu, don abin da ya faɗa shi ne ke raina tun farko. Malam, lissafi ita ce ta ɗaya a ajinsu tun aji huɗu, bayoloji ne take ja da ƙyar, ni ne ban taɓa ɗaukar hakan a bakin komai ba.

Jiya bayan isha'i na ba ta wayar ta karanta duka. Labarin matar Japan ɗin ta karanta sau biyu. Da ta zo kan na'urar gashi sai ta tambaye ni ko irinta ce aka rubuta wa Inna, muka yi ta jiran layi. Na ce ita ce. Ba ta ce ta fasa taurari ba, ni ma ban ce na fasa likita ba, amma mun yi hira har sha ɗaya, abin da muka daɗe ba mu yi ba.

Malamin fizis, in ba damuwa, waɗanne darussa ake haɗawa a JAMB don fizis? Ranar Asabar nake son mu je wajen rajistar.