Tambaya: shin tiririn nukiliya ba zai sa tsohon makamashi ya narke a ƙarƙashin ƙasa ba?

Ɗaliba_Hauwa:
Assalamu alaikum, malamai. Na karanta cewa a Onkalo da ke ƙasar Finlan za a binne makamashin nukiliyar da aka gama amfani da shi a zurfin da ya haura mita 400, kuma hujjar ita ce ruwan da ke can ƙasa ba shi da iskar oksijin, don haka yuraniyam ba zai narke cikinsa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tiririn (wato radiyeshan) da makamashin ke fitarwa yana tsaga ƙwayoyin ruwa ya samar da sinadarai masu cin abu. Ashe ke nan makamashin da kansa zai jawo abin da ake gudu?

Malam_Sani:
Wa'alaikumus salam, Malama Hauwa. Kin taɓo ainihin inda gizo ke saƙar. Makamashin 'yan dunƙule ne na yuraniyam dayoksaid, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba, kuma muddin yuraniyam ɗin yana mataki na 4, wato yanayinsa na asali kafin ya ƙara haɗuwa da oksijin, da ƙyar ruwa ke iya narkar da shi. Idan tiriri ya tsaga ruwa, yakan samar da haidirojin feroksaid, wanda ke mayar da saman dunƙulen zuwa mataki na 6, wato yanayin da ya ƙara haɗuwa da oksijin, shi kuwa wannan mai saurin narkewa ne, musamman idan ruwan yana ɗauke da kabonet da zai kwashe shi ya buɗe sabon wuri.

Sai dai a lura da lokaci. Tiririn da ake kira bita (beta) da gama (gamma) galibi daga sisiyam-137 da sitirontiyam-90 yake fitowa, waɗanda rabinsu ke ƙarewa cikin kimanin shekara 30, saboda haka bayan 'yan ƙarnuka sun zama tarihi. Tukunyar jan ƙarfe da ake rufe makamashin a ciki, mai kaurin santimita 5, da yumɓun bentonait da ke kewaye da ita an tsara su ne don su hana ruwa shiga har tsawon lokacin da ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Abin da zai saura shi ne tiririn alfa, irin na fulutoniyam-239 wanda rabinsa ke ƙarewa cikin kusan shekara 24,000, wanda tafiyarsa cikin ruwa ba ta kai kaurin silin gashi ba. Duk wannan fafatawa a cikin wannan siririn ruwa da ke manne da dunƙulen take faruwa.

Injiniya_Bala:
Ina so in ƙara abin da a ganina ya fi muhimmanci. A cikin tukunyar akwai ƙarfen zubi, kuma ranar da ruwa ya shiga, ƙarfen zai yi tsatsa ba tare da oksijin ba, ya riƙa fitar da iskar haidirojin mai yawa. A jikin makamashin kuma akwai ƙananan ɓarɓashin ƙarafa irin su faladiyam da rodiyam da ruteniyam, waɗanda ke taimaka wa haidirojin ya kashe kaifin feroksaid ɗin. Gwaje-gwajen ɗakunan bincike sun nuna narkewar tana raguwa ƙwarai a irin wannan yanayi. Abin mamaki ne a ce tsatsar wani ƙarfe ce ke kare makamashin.

Ɗaliba_Hauwa:
Na gode, Malam Sani da Injiniya. To ke nan za a iya cewa an rufe wannan babi?

Malam_Sani:
A'a, ban kai ga faɗin haka ba. Gwajin 'yan shekaru ba daidai yake da shekara 100,000 da ake so ajiyar ta ɗore ba, kuma kariyar ta dogara ne ga haidirojin ya taru bai sulale ta tsagar dutse ba. Sannan akwai sinadarai kamar aidin-129 da suke taruwa a tsakanin dunƙulen da bututun da ke rufe da su, waɗanda ruwa zai ɗauke da zarar ya taɓa su, ko yuraniyam ya narke ko bai narke ba. Wurin binnewar ma yana da tasiri, domin tsaunin Yucca na jihar Nevada a Amurka, inda aka tsara ajiyar a saman matakin ruwan ƙasa, wuri ne da iska ke shiga, don haka lissafinsa daban yake da na dutsen Onkalo.