Aikin tiyata a asibitin gwamnati: wa ya kamata ya biya, kuma har yaushe za a jira?

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum. Ina son waɗanda suka san aikin asibiti su amsa mani. Yayana manomi ne, gwaiwa ta kama shi tun bara. Likita ya duba shi a wani asibitin gwamnati, ya ce sai an yi aiki, amma ba na gaggawa ba ne. Aka ba mu rana. Da muka je, aka ce mai sa barci guda ne, kuma yana kan matan da haihuwa ta gardama. Ban ji haushi ba, rai biyu ya fi gaban gwaiwa. Sai dai daga nan ɗagawa ta bi ɗagawa, kuma duk komawa sai an sake awon jini, wai na baya ya tsufa. Damina ta faɗi bai iya duƙawa ba, ƴaƴansa ƙanana suka yi noman, gero bai kai rabin abin da ya saba samu ba.

An ce in kai shi kilinik mai zaman kanta a Yamai, cikin sati guda a gama. Kuɗin da aka faɗa mani, sai in kwashe albasar da ke cikin rudu duka in sayar tun kasuwa ba ta tashi ba, ban da kuɗin mota na kilomita fiye da 500 da masauki.

Tun watan Satumba na 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin asibiti, haihuwa ta zama kyauta, an soke jika 150 da masu wankin ƙoda ke ajiyewa. Wallahi na yi murna. Amma rabin da aka ɗauke ma talaka, wa ke cika ma asibiti shi? Kuma mutum kamar yayana, wa ke da alhakin aikinsa: shi, mu danginsa, ko gwamnati?

Majo mai ritaya, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba yayanka lafiya. Kafin maganar kuɗi, riƙe wannan: in kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa ciki, ga ciwo mai tsanani da amai, ko bayan gida ya tsaya, kada ku jira ranar da aka rubuta maku. Hanji ne ya shaƙe. Ko tsakar dare ne ku kai shi wurin gaggawa.

Tambayarka kuwa ita muka yi shekaru muna yi lokacin da nike majo, wato babban ma'aikacin jinya a asibiti. Bayan taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987 aka kawo tsarin da maras lafiya ke biya, kuɗin ya tsaya a wurin a sake sayen magani. Ya yi ma talaka nauyi, amma akwai magani cikin kabad. A 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, fiɗar haihuwa ma haka. Mata suka yi ta kawo yara, an ceci rayuka da yawa, wannan da idona na gani. Sharaɗin shi ne mu yi aikin, mu tura takardun kuɗi sama, gwamnati ta biya. Biyan ne ya riƙa makara, bashi ya taru shekara kan shekara. Kabad ya bushe, sai mu rubuta ordinansi uwa ta tafi farmasi. Sunan kyauta yana nan, kuɗin kuma daga ɗaurin zanenta ya fito.

Aikin tiyata ya fi haka cin kaya. Ana son zare, safar hannu, ruwan ƙari, maganin barci, iskar oksijan, gazuwal na janareto, da jini a ajiye. Abu guda ya rasa, an ɗaga aiki. Ragin 2024 alheri ne in ana mayar ma asibitoci gurbinsa kan lokaci. In ba a mayar ba, layi zai ƙara tsawo, don masu zuwa sun ƙaru kayan aiki ba su ƙaru ba. A Abuja a 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi. Namu bai kai can ba.

Malamin lise, Yamai

Baba Majo ya faɗi gaskiya, amma ni ban yarda a ce komai gwamnati ba. Ingila tun 1948 magani kyauta ne da kuɗin haraji, duk da haka a 2023 layin jiran aiki da ganin ƙwararru ya wuce miliyan 7. Ashe kyauta ba ta kashe layi. Yawan likitocin fiɗa da ɗakunan aiki ke kashe shi. Mu nan yawancin ƙwararrun suna Yamai. Sannan nawa ne cikinmu ke biyan lanho na kirki? Mai shago uku a babbar kasuwa, in aka rage masa rabi daidai da manomin Keita, an yi adalci? Mai hali ya biya cikakke, a ɗauke ma maras hali gaba ɗaya.

Uwar Biyu, Konni

Malam, wa zai tantance mai hali? Sau da yawa mai sanayya ke samun takardar rashin hali. Ni abin da na sani shi ne tarawa tun lafiya na nan. A ƙungiyarmu ta Mata Masu Dubara, ban da zubin sati muna da ɗan asusu daban na ciwo da haihuwa. Ya sha kai mace asibiti da dare. A wasu gundumomi an taɓa ƙara dala ashirin kan kowace takardar ganin likita, da shi ake zuba ma ambilans mai. Ruwanda da Gana ai irin wannan suka faɗaɗa ya zama inshorar ƙasa. Amma gaskiya asusunmu bai iya ɗaukar tiyata, aiki guda zai cinye shi.

Ɗan Adar, Tawa

Na gode maku duka. Malam, ban ƙi mai hali ya biya ba, amma ya biya ta hanyar haraji, ba a bakin ɗakin tiyata ba. In dai kuɗin aljihu ke raba wanda za a yi ma aiki yau da wanda zai jira, mai hali kullum zai tsallake zuwa kilinik, layin gwamnati ya rage na waɗanda ba a jin muryarsu. Kuma yayana yana biya. Duk sukari da sabulu da katin waya da ya saya akwai kason gwamnati ciki, duk akuyar da ya kai kasuwa an yanki tikiti. Ma'aikacin gwamnati ana ɗauke masa mafi yawan kuɗin asibiti, wasu ma a fitar da su Tunisiya ko Maroko da kuɗin ƙasa. Ban yi masu hassada ba. Ina dai ganin aikin da ke mayar da magidanci gona ya cancanci shiga sahun fiɗar haihuwa, a biya shi daga baitulmali, a kuma biya asibitin a kan kari. Dangi mu ɗauki abinci da jinya da mota, wannan namu ne tun asali.

Baba Majo, yanzu me za mu yi?

Majo mai ritaya, Yamai

Kada ka sayar da albasarka tukuna. Gwaiwa ba sai Yamai ba: an horar da likitoci na gama-gari su yi irin wannan aiki a asibitocin gunduma, ka tambaya wanne ne kusa da ku ɗakin tiyatarsa ke aiki. Asibitin Galmi ma cikin jiharku yake kuma ana fiɗa can, ka fara jin farashi kafin ku tashi. Ka nemi ofishin taimakon jama'a na asibitin da kuke zuwa, ka je da takardunsa duka. Ka roƙi majon sashen lambar da za ka kira kwana guda kafin ranar, don kada ku sake yin awo da kuɗin mota a banza. Kafin nan ya bar ɗaukar kaya masu nauyi, in yana tari ko cikinsa na ɗaurewa a yi maganinsu.