Neman shawara: tsohuwar bindigar soja a cikin kayan gado

Mai tambaya, daga unguwar Bagalam a Maraɗi:

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun tarar da wata doguwar bindiga naɗe da tsohon bargo a ƙarƙashin gadonsa. Manya sun ce ta kakanmu ce, wanda ya yi wa Turawa aikin gadi a Tasawa, wasu kuma na cewa tun zamanin Voulet, hafsan sojan Faransa, take. Idan na tsayar da ita takan kawo mini ƙirji, harsashi ɗaya take ci, ana kuma buɗe ta da wani ƙarfe da ake ja baya kamar sakatar ƙofa. A gefen hagu an rubuta St Etienne Mle 1874 M80, a jikin bututun kuma akwai S.1878. Wani dillali ya taya ta jaka 150, ƙanena kuwa yana son a kai wa maƙeri ya goge tsatsar domin kuɗinta ya ƙaru kafin rabon gado. Wace irin bindiga ce wannan, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa Baba. Bindigarku ita ce Gras, wadda sojan Faransa ya soma riƙewa a 1874 a madadin Chassepot ta 1866 mai harsashin takarda. Faɗin harsashinta milimita 11 ne, baƙin albarushi mai hayaƙi take ci. Harafin S da shekarar na nuna cewa an ƙera bututun a garin Saint-Étienne na Faransa a 1878, M80 kuwa gyara ne da aka ƙaro a 1880 domin iskar albarushi ta samu mafita, kada ta bugi fuskar mai harbi idan kwanson ya fashe. Da sabuwar bindiga mai suna Lebel ta fito a 1886, sai aka riƙa tura tsofaffin Gras ƙasashen da Faransa ta mallaka, shi ya sa labarin gadin kakanku ya yi daidai da hankali. Maganar Voulet dai ku bi ta a hankali: gaskiya ne ayarinsa ya ratsa ƙasar nan a 1899 har aka kashe shi a wajen Maijirgi, amma shekarar ƙira ba ta faɗin hannun da ya riƙe bindiga. Takardar aikin kakanku ko hotonsa da ita sun fi kowane labarin baka nauyi.

Don Allah kada maƙeri ya taɓa ta. Masu tara irin waɗannan kaya duhun ƙarfen da tambarin da ke jikin itacen suke nema, yashin guga kuma shi ne zai fara cinye su. Ku shafa mata ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi, ku nisanta ta da danshi da gara. Sannan ku duba abu biyu: ko lambar da ke bututun ita ce a jikin sakatar da gindin itacen, da kuma ko akwai tsage-tsage masu murɗawa a cikin bututun, domin da yawa an rarake su an mai da su bindigogin farauta, irin waɗannan kuwa darajarsu ta faɗi ƙwarai.

Amsa ta biyu, daga wani tsohon jandarma:

Ɗana, kafin batun kuɗi akwai batun doka. Tsufa bai fitar da ita daga sahun makamai ba, kuma a halin da iyakarmu take ciki ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji, sayar da bindiga ga mutumin da ba ku san inda zai kai ta ba ɗaukar wa kai magana ne. Kada ku ɗauko ta a kan babur. Babbanku ya je ofishin jandarmomi da hotunanta ya sanar, su za su faɗa muku hanyar da za a bi, ko ta neman izini ko ta miƙa ta. Ku ja sakatar baya, bakin bindigar yana kallon ƙasa, ku tabbatar babu komai a ciki, kada kuma wani ya gwada harba ta, ƙarfen ya haura shekara 140.

Mai tambaya:

Na gode, Baba. Na duba: tsage-tsagen suna nan, amma lambar sakatar ta bambanta da ta bututun.

Amsa ta farko, ƙari:

To, an taɓa canza mata sakata, abin da ya zama ruwan dare a bindigogin da suka daɗe a hannun masu gadi, kuma yana rage mata daraja. Gras ba ta da wuyar samu a Turai, don haka kada magada su sa rai da dukiya mai yawa. A ganina, bayan kun sanar da hukuma, ku aika da hotunan rubutun zuwa gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai tare da duk takardar kakanku da kuka samu, ku ji ra'ayinsu kafin a sa mata kuɗi a lissafin gado.