Sitacin da ke ƙin cokali: wa ya taɓa gani?

Mai guga: Assalamu alaikum jama'a. In na jiƙa sitacin rogo da ɗan ruwan sanyi kafin in zuba tafasasshe, da na juya da sauri sai ya yi gam, har ya tsattsage. In na sassauta hannu kuma ya koma ruwa. Ko ni kaɗai ne?

Mai koko: Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne, ɗan'uwa. Gasara in ta kwanta na tsiyaye ruwan sama, ka kafa mata ludayi da ƙarfi ta ƙi, ka aza shi kawai ya nutse da kansa. Garin kastad ma ya fi. Ina murza shi a tafin hannu yana nan curi guda, ina dakatawa ya tsiyaye ta tsakanin yatsu.

Malamin kimiyya: Ni kam kowace shekara sai na sa ɗalibai sun naushi sitacin masara da aka kwaɓa da ruwan sanyi a roba, ko ɗigo ba ya fantsama. Sitaci ba ya narkewa a ruwan sanyi. Ƙwayoyi ne ƙanana, wajen kashi 1 ko 2 cikin 100 na milimita, a cunkushe. In aka bi su a hankali, siririn ruwan da ke tsakaninsu yana barin su sulɓe. In aka matsa da ƙarfi sai su taɓa juna, gogayya ta sarƙe su, kamar jama'a sun yo ƙofar masallaci lokaci guda. Lissafin da masana kimiyya Wyart da Cates suka fitar a 2014 ke nan. A 2012 kuma, a Jami'ar Chicago, masana Waitukaitis da Jaeger sun nuna cewa daskararren ginshiƙi ke tsirowa ƙarƙashin abin da ya doki haɗin. Shi ya sa mai gudu ke tsallake kwatamin sitaci, mai tsayawa ya nutse.

Mai koko: To Malam, me ya sa dafaffen koko ba ya haka?

Malamin kimiyya: Zafi na kumbura ƙwayoyin, Hajiya, su yi laushi su fashe. In ruwa ya yi yawa ma abin ya tafi, don sun sami sarari.

Mai ɗibar yashi: A bakin kogi in na taka jiƙaƙƙen yashi sai kewayen ƙafata ya yi fari kamar ya bushe. Shi ne?

Malamin kimiyya: Dangi ne dai. Takawar ce ke buɗe tsakanin yashin, ruwan sama ya zurara ciki. Masanin kimiyya Osborne Reynolds ya bayyana wannan tun 1885.