Matsi ya sauka bayan aiki, amma idon yaro na rawa: me ke kawo hakan?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Yaron da aka haifa da hawan jinin ido, aka yi masa aiki tun yana jariri, likita ya ce matsin ruwan cikin idon ya sauka, amma idanun na ta rawa hagu da dama, ɗaya kuma na karkacewa waje. Ciwon ne ya dawo, ko wata matsala ce daban?

Malam Sabi'u:
Wa'alaikumus salam, Maman Hanifa. Ba lallai ciwon ne ya dawo ba. Rawar ido yawanci alama ce cewa ganin jariri bai yi kyau ba a watannin farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke koyon tsayar da ido kan abu. Idan matsi ya sa gaban baƙin ido ya yi hazo, ko ya tsattsage shimfiɗarsa ta ciki, hoton da ke isa ƙwaƙwalwa kan zo a dusashe, sai rawar ta bayyana, galibi kafin wata 6. Saukar matsi ba ya goge ta nan take. Wasu yaran kan juya kai gefe guda saboda a wannan kusurwar rawar ta fi lafawa. Kada a riƙa miƙar masa da kai da ƙarfi, dabarar ganinsa ce. Amma idan hawaye, gudun haske da matse ido suka dawo, ko baƙin idon ya ƙara girma, a koma asibiti a auna matsi.

Hajiya Bilki:
Karkacewar ita ce ta fi buƙatar gaggawa, 'yar'uwa. Idon jariri na faɗaɗa ya ƙara tsawo idan matsi ya yi yawa. Faɗin baƙin idon sabon haihuwa kusan milimita 10 ne, wanda ya wuce 12 kafin shekara ɗaya abin dubawa ne. Idon da ya yi tsawo ba ya hango nesa, kuma in ɗaya ya fi ɗaya lalacewa, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da mai raunin, shi kuma ya fara zamewa waje ko ciki. Da yawa daga cikin waɗannan yara raunin ganinsu daga nan yake, ba daga jijiyar ido ba.

Tsarin da ake bi: a ɗiga maganin da ke sassauta tsokar cikin ido a auna tabarau daidai, a sa tabarau ɗin kullum, sannan a rufe ido mai ƙarfi da filasta don mai raunin ya yi aiki. Awa 2 a rana kan isa idan raunin matsakaici ne, awa 6 idan ya yi tsanani. A sake auna tabarau a kai a kai, domin idon na canzawa.

Malam Sabi'u:
Ƙarin bayani kan filasta: akwai rawar da ke tsananta da zarar an rufe ido ɗaya. A irin wannan likita kan iya zaɓar ɗiga atirofin, maganin da ke dusashe gani na ɗan lokaci, a ido mai ƙarfi maimakon rufewa. Shi zai yanke, ba a yi a gida.

Dakta Nura:
A tambaya wane irin aiki aka yi. Idan an dasa bututun zubar da ruwa irin Ahmed ko Baerveldt, farantinsa na zama kusa da tsokokin da ke juya ido, kuma kumburin da ke kansa kan hana idon juyawa sosai ta wani ɓangare. Wannan karkacewa daban ce, tabarau ba ya gyara ta.

Aikin daidaita tsoka kuwa ba a gaggawarsa. Sai matsi ya daidaita, an gama da tabarau da filasta, kusurwar karkacewar ta tsaya ba ta canzawa. Farin idon da ya kumbura ya yi siriri, allura kan iya huda shi, don haka a nemi likitan idon yara da ya saba da irin waɗannan idanu.